Daga Allo Zuwa Waya: Nazarin Adana Zane da Rubutun Yara a Fagge da Sabon Garin Kano

1.0 Gabatarwa

Wata safiya cikin hunturu na tsaya wajen wata mai ƙosai a bakin layi a Fagge. Da ta kwashe mini, sai ta yago shafi daga wani tsohon littafin rubutu ta naɗe. Sai da na isa gida na buɗe sannan na lura da takardar. Aikin ɗan aji biyu ne ko uku na firamare. A sama an jera lissafin tarawa guda biyar, malami ya bi su da jan biro ya ba shi huɗu. A ƙasa, inda sarari ya rage, yaron ya zana A Daidaita Sahu da tayoyinta uku, ya cusa mata fasinjoji bakwai, kowa da hularsa, direban kuma ya fi motar tsawo. Mai ya riga ya ratsa rabin shafin. Babu suna a jiki, babu kwanan wata.

Kowa a Kano ya san inda littattafan yara suke ƙarewa idan zangon karatu ya ƙare: hannun mai ƙosai, mai tsire da mai gyaɗa, ko kuma bakin murhu. A 'yan shekarun nan, da waya mai kyamara ta shiga gidaje, iyaye da dama sun fara ɗaukar hoton zanen 'ya'yansu da sakamakon jarrabawarsu, suna ganin sun adana. Wannan nazari ya dubi al'amarin ta fuskar unguwanni biyu maƙwabtan juna, Fagge da Sabon Gari. Abin da yake son tabbatarwa shi ne, ɗaukar hoto somin-taɓi ne kawai. Aikin yaro yana zama ajiya ne idan an zaɓe shi, an rubuta bayaninsa, an ajiye shi a wuri fiye da ɗaya, an kuma tsare mutuncin mai shi.

2.0 Kundi na Da da Kundi na Zamani

A Turai da Amurka akwai tsohuwar al'ada ta tanadar littafi mai fararen shafuka, ana manna masa hotuna, wasiƙu, yankan jarida da ayyukan yara, ana rubuta ɗan bayani a ƙarƙashin kowanne. Al'adar ta yi ƙarfi har marubucin nan Mark Twain ya yi rajistar wani samfurin littafin mai gam a jikin shafukansa a 1873. Da kwamfuta ta yawaita, sai aka mayar da mannawar cikin na'ura: a ɗauki hoton abu, a jera shi a shafi, a rubuta bayani, a ajiye ko a buga.

Bahaushe yana da abin da ya yi kama da wannan tun kafin zuwan Turawa, wato kundi. Kundin malami tarin takardu ne warwara, ana ɗaure su tsakanin kwali biyu ko a zuba a gafaka. A ciki ake samun addu'o'i, laƙani, wasiƙu, da abin da malami ya kwafo daga malaminsa. Magidanta da yawa kuma sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu a irin waɗannan takardu. Saboda haka wannan nazari ya kira sabon abin da suna kundin zamani. Sai dai kundin da muka gada rubutun manya yake ɗauka. Da wuya a buɗe shi a tarar da shafin da ɗan shekara shida ya rubuta, kuma wannan giɓi ne kundin zamani zai iya cikewa.

3.0 Abin da ke Cikin Aikin Yaro

Ana iya tambaya, mene ne abin ajiyewa a jagwalgwalon yaro? Masana sun fi shekara ɗari suna amsa wannan tambaya, kuma amsar ta fito ne daga gidajen da aka yi ajiya. Bafaranshen nan Georges-Henri Luquet ya tara zanen 'yarsa Simonne fiye da 1,500, yana lura da lokacin da ta yi su da abin da ta ce ta zana, ya fitar da littafi a kansu a 1913. A nan ya nuna cewa ƙaramin yaro yana zana abin da ya sani game da abu, ko da ido ba zai gan shi haka ba. Shi ya sa yaron takardar ƙosai ya fito da fasinjoji bakwai sarai, alhali wanda ke tsaye a titi ba zai hango su duka ba, ya kuma girmama direba domin shi ne mai muhimmanci a wurinsa.

A 1947 Viktor Lowenfeld ya kasa zanen yara mataki-mataki: daga shekara 2 zuwa 4 lokacin kwarafniya da layuka barkatai, daga 4 zuwa 7 mutum ya fara bayyana, yawanci kai ne da ƙafafu, daga 7 zuwa 9 yaro ya tsayar da siffa ɗaya ta mutum da gida, ya ja layin ƙasa ya jera komai a kansa, daga 9 zuwa sama ya fara neman kamanni na zahiri, ya fara jin kunyar aikinsa. Rhoda Kellogg kuwa, a San Francisco, ta tara zanen yara kimanin miliyan ɗaya daga ƙasashe da dama, ta ware nau'o'in layi 20 da hannun yaro ke farawa da su, kamar yadda ta bayyana a littafinta na 1969. Darasin duk waɗannan ayyuka ɗaya ne: zane guda ba ya faɗin abu mai yawa, amma jerin zane mai kwanan wata yana nuna yadda hannu da tunani suke girma. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, in dai akwai mai lura da Larabar.

Aikin yaro kuma shaida ce ta tarihi. A 1956 masu tonon kayan tarihi a birnin Novgorod na Rasha suka tarar da gutsattsarin ɓawon icce da wani yaro mai suna Onfim ya yi rubutu a kai a ƙarni na 13. Ya jera haruffan da ake koya masa, da ya gaji sai ya zana kansa bisa doki yana sukar abokin gaba da mashi, ya rubuta sunansa a gefe. Yau da waɗannan gutsattsari ake fahimtar yadda ake koyar da yara a wancan zamani. Haka abin yake a nan gida. Yaron Fagge da ya yi zane kafin Janairun 2013, lokacin da aka hana haya da babur a Kano, ɗan acaɓa zai cika masa shafi. Ƙaninsa A Daidaita Sahu ya tashi ya gani. Jirgin da ke sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, dogayen motocin tashar New Road, dawakin hawan Sallah, dilolin atamfa na Kantin Kwari, duk suna shiga littattafan yaran unguwannin nan ba tare da wani ya sa su ba.

4.0 Dalilan Salwantar Aikin Yara a Unguwannin Biyu

Dalili na farko yana cikin tsarin karatun allo, wanda ya daɗe a Fagge tun tana zangon Buzaye da fataken Sahara a wajen ganuwa. Allo an yi shi ne domin a wanke. Yaro zai rubuta da tawada da alƙalamin kara, ya biya, ya haddace, malam ya ce je ka wanke, a ɗora sabon rubutu. Hikimar a fili take: ƙirji ne ma'ajiya, allo hanya ce kawai. To amma sakamakonta shi ne, duk tafiyar hannun yaro daga babbaƙu zuwa farfaru zuwa rubutu mai tsabta, ruwa ne ke tafiya da ita. Abin da yakan saura shi ne allon zayyana na ranar sauka, wanda ake ƙawata shi da launuka a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, yaro ya zaga da shi gidajen dangi. Masanin nan ɗan Sudan, Salah Hassan, ya yi nazari mai zurfi a kan wannan fasaha a littafinsa na 1992. Amma zayyana galibi aikin ƙwararre ne da ake biya. Ke nan ko a ranar da ake bikin yaro, hannun babba aka adana.

Dalili na biyu shi ne matsi da yawan tashi. Sabon Gari an kafa ta ne a 1913, shekara biyu bayan layin dogo ya iso Kano, domin ma'aikata da 'yan kasuwa baƙi, yawancinsu daga kudu. A nan makarantun mishan da na ƙungiyoyin ƙabilu suka yaɗu, littafin rubutu da fensir suka zama kayan kowane gida. Sai dai gidajen haya ne masu ɗaki-ɗaki, iyali guda a ciki da falo ko ɗaki ɗaya. Wanda mai gida ya ba shi notis, katifa da tukwane zai fara ɗauka. An kuma yi lokutan tashin hankali, irin na 1953 da 1966 da 1991, da iyalai suka bar gidajensu cikin gaggawa, ba wanda ya tsaya neman littafin ɗan firamare. Fagge ma yanzu kasuwa tana cinye ta, gidajen gado suna komawa shaguna da sito, kuma duk gidan da aka raba ko aka sayar, tsofaffin takardu ne farkon abin zubarwa.

Dalili na uku shi ne yanayi. Gara da ɓera da kyankyaso suna cin takarda, yoyon damina yana jiƙa ta, zafin bazara yana sa ta ja ta yi ƙaras. Gobarar da ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, da ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022, sun nuna yadda dukiya ke tafiya cikin dare ɗaya, balle takardar da ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Akwai kuma ayyukan da tun asali ba sa daɗewa: motar kara, motar gwangwani, shanun laka, 'yar tsana, zanen da yarinya ta yi a ƙasa da tsinke, lallen da ta gwada a hannun ƙanwarta, kayan tashe na watan azumi.

5.0 Amfanin Waya da Iyakarta

A nan ne waya ta kawo abin da ba a taɓa samu ba. Uwa za ta iya ɗaukar hoton allo kafin a wanke, ba tare da ta taɓa tsarin makaranta ba. Ana iya ɗaukar motar kara kafin ta karye. Ana iya naɗar muryar yaro yana bayanin zanensa. Wannan na ƙarshe yana da daraja ta musamman a unguwannin nan. Yaron Sabon Gari yakan yi rubutu da Ingilishi a aji, ya yi Hausa a layi, ya yi Ibo ko Yarbanci a ɗaki. Yaron Fagge yana rubuta boko daga hagu da safe, ya rubuta Larabci daga dama da yamma. Kundin zamani yana iya ɗora waɗannan hannaye da harsuna a shafi ɗaya, a ga yadda suke girma tare. Kakar da ke Onica ko Ogbomosho, da uban da ke ci-rani a Saudiyya, duk za su iya gani a rana ɗaya.

Amma wanda ya ɗauka cewa abin da ya shiga na'ura ya tsira, ya dubi abin da ya faru a Ingila. A 1986 BBC ta shirya gagarumin aiki domin cikar shekara 900 da rubuta littafin ƙidayar ƙasa na Domesday na 1086. Mutane fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu, akasarinsu yara daga makarantu kimanin 9,000, suna rubuta bayanin unguwanninsu. Aka zuba aikin a manyan faya-fayai biyu na zamanin. Kafin a cika shekara ashirin, na'urar da ke karanta su ta kusa ɓacewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka yi aikin ceto a 2002. Littafin 1086 kuwa, da aka rubuta da tawada a kan fata, yana nan ana karantawa.

Haɗarin da ke gaban iyali a Kano ya fi wannan kusa. Waya takan faɗa ruwa, takan mutu, masu ƙwace sukan ƙwace ta. Mai gyara a Titin Beirut ko Farm Centre yakan ce sai an yi mata filashin, komai ya goge. Memori na jabu yakan daina buɗewa ba zato. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau, har ƙananan haruffan fensir su dushe. Ma'ajiyar intanet ma tana da sharuɗɗa: Google yana ba da gigabait 15 ne kyauta, ya daina karɓar hotuna ba iyaka tun 1 ga Yuni 2021, kuma daga Disamban 2023 ya fara aiki da ƙa'idar goge asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Mutane da yawa a shago aka buɗe musu asusun, ba su riƙe kalmar sirri ba, layin da aka yi rajista da shi kuma in ya daɗe a ajiye kamfani yana sake sayar da shi ga wani.

6.0 Sharuɗɗan Kundi Mai Ɗorewa

Sharaɗi na farko zaɓe ne. Wayar da ke ɗauke da hotuna dubu biyar a cakuɗe, na biki da na kasuwa da na yara, juji ce mai haske. Shafi goma zuwa goma sha biyar a kowane zango sun isa, a cikinsu har da zane biyu ko uku, shafin rubutun hannu, shafin lissafi, allo ko littafin Islamiyya, aikin hannu guda. A bar yaro ya zaɓi ɗaya ko biyu da kansa, domin abin da yake alfahari da shi yakan bambanta da na iyaye. Kada kuma a tsince masu maki goma bisa goma kaɗai. Shafin da ya juya harafi, ko ya goge har takarda ta huje, shi ne zai nuna nisan da aka yi idan an ajiye shi kusa da na baɗi. In aka bi wannan ƙima, shekara shida ta firamare ba za ta wuce hotuna 270 ba, abin da ƙaramin memori zai ɗauka har ya yi saura.

Sharaɗi na biyu bayani ne, kuma shi ne ruhin aikin. Kowane shafi yana buƙatar sunan yaro, shekarunsa, ajinsa, kwanan wata, da abin da shi ya faɗa da bakinsa. A nan yadda ake tambaya yana da tasiri. Na ga wata uwa a tsakar gida ta karɓi takarda daga hannun ɗanta ɗan shekara biyar. Maimakon ta ce mene ne wannan, sai ta ce, “Auta, zo ka ba ni labarin abin nan.” Yaron ya ɗora yatsa a kan wani dogon layi mai kai ya ce, “Umma, Baba ne ya dawo daga Kwari, wannan kuma ledar burodi ce.” Ta juya bayan takardar ta rubuta maganar da fensir kamar yadda ya faɗa, ta sa rana, sannan ta ɗauki hoton gaba da baya. In babu wannan jimla, bayan shekara goma ba wanda zai ga komai a shafin sai layi da da'ira.

Sharaɗi na uku kyawun ɗauka ne. A shimfiɗa takarda a inuwa da hantsi, a kashe fitilar kyamara, a riƙe waya daidai saman shafin kada ta karkata. Abu mai jiki, kamar motar kara, a ajiye biro a gefensa domin a gane girmansa. Idan za a tura ta WhatsApp, a tura a matsayin takarda, domin kada a matse hoton. Sunan kowane hoto ya fara da shekara, sai wata, sai sunan yaro, ta yadda za su jeru da kansu.

Sharaɗi na huɗu yawan kwafi ne. Ƙa'idar da masu adana bayanai suke bi ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. A aikace wannan yana nufin waya, da filas ko memori da ke cikin adaka, da kwafi a intanet ko a hannun ɗan'uwa a wata unguwa. A ƙarshen shekara a haɗa shafukan su zama PDF guda, a kai shagon buga takardu a fitar da shi a ɗinke. A kuma ware 'yan shafuka na asali a ajiye a ambulan cikin akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa da bango. A guji yi musu laminatin, domin zafi da gam suna shiga takarda kuma ba a iya cirewa, haka ma salatif yana barin tabo. Ajiya, in ji Hausawa, maganin wata rana.

7.0 Mutuncin Yaro da Ladabin Rubutu

Kundi na iyali ne, ba na kasuwa ba. Bangon littafin yaro yana ɗauke da cikakken sunansa, makarantarsa da ajinsa, kuma wanda ya ɗora wannan a Facebook ko a sitatus ya ba baƙo adireshin ɗansa. Iyayenmu sun daɗe suna tsoron kambun baka, suna ɓoye baiwar yaro daga idon jama'a. Zamani ya ƙara wa wannan taka-tsantsan sabon dalili. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro, kuma wannan ya shafi makarantun kuɗi masu tallata kansu da hotunan ɗalibai da sakamakonsu. Haka nan bai dace a yaɗa shafin da yaro ya faɗi domin a yi dariya ba. Abin da ya shiga intanet ba ya dawowa, yaron kuma zai girma ya tarar da shi.

Shafukan da ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani suna da nasu hukunci. Hotonsu ya zauna a jaka ta daban, takardar kuma ko a adana ta ko a kawar da ita ta hanyar da malamai suka koyar, kada ta kai ga hannun mai naɗe kaya. Game da zanen abu mai rai, malamai sun yi bayani kuma akwai saɓani a tsakaninsu. Gidan da ya bi fatawar hani yana da fage mai faɗi: zayyana, dagi, zanen hula, gidaje, motoci, itatuwa da kyawun rubutu, waɗanda su ne ma asalin fasahar ƙasar Hausa.

8.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa a Fagge da Sabon Gari aikin yara yana salwanta ta hanyoyi uku: tsarin allo da ke wanke rubutu, matsin muhalli da yawan tashi, da yanayin da ba ya barin takarda. Waya ta buɗe ƙofar ceto abin da a da ba ya cetuwa, amma ita kanta ba ta da tabbas, sai an haɗa ta da zaɓe, bayani, kwafi da kiyaye sirri. Makarantun unguwannin nan, na boko da na Islamiyya, za su taimaka ƙwarai idan suka riƙa mayar wa iyaye ayyukan yara masu kwanan wata a ƙarshen kowane zango.

Ga iyaye kuwa, kiran mai sauƙi ne. Idan aka yi hutun wannan zango, kafin a tattara littattafai a fitar, a zauna da yaro rabin sa'a a buɗe su tare. A zaɓi shafi goma, a tambaye shi labarinsu, a rubuta rana, a ɗauki hoto, a ajiye kwafi a hannun wani amintacce. Allah Ya raya mana su, Ya sa su girma su ga inda suka faro.